Zagaye huɗu na keke a Zariya: Kubanni, Basawa, Kufena ko Galma?

Zariya ba gari ne na bakin tafki ba, amma tana da ruwan da ya isa mai keke ya zagaya. Akwai madatsar Kubanni a cikin Jami'ar Ahmadu Bello, akwai tafkin Bomo a arewacin Samaru, ga kogin Galma da madatsarsa ta gabas. Ta yamma kuma babu ruwan kirki, sai Dutsen Kufena, wanda shi kaɗai ya isa dalilin fita. Wanda ya sayi keke don motsa jiki ko shan iska yakan tsaya yana tunanin ina zai nufa ranar Asabar da safe, musamman in ya gaji da zuwa ya dawo ta hanya ɗaya. Zagaye ake so, a fita ta nan a dawo ta can. Huɗu nake bi, kuma kowanne da irin mutumin da ya dace da shi.

Abin da nake aunawa

Na farko shi ne ƙasan da taya za ta taka: kwalta ce mai sulɓi, ko mai ramuka, ko burji. Wannan ya fi komai muhimmanci ga mai keken tsere, domin siririyar tayarsa, mai faɗin milimita 23 zuwa 28, ba ta yafe rami ba ta yafe ƙaya. Mai keken hawan dutse ko baƙin keke irin na iyayenmu ba ruwansa da rabin wannan damuwa.

Na biyu, su wa za ka raba hanya da su. Tirela daban, ɗan acaba daban, Keke Napep mai tsayawa ba sigina shi ma daban.

Na uku, abin da fitar za ta ci maka. Ba a biyan kuɗin shiga ko ɗaya daga cikin hanyoyin nan, saboda haka kuɗin yana tafiya ne a faci, tiyub, robar birki, man sarƙa, da abin da za ka sa a ciki. Hanyar da ke huda maka taya duk mako ta fi tsada ko da kusa take.

Na huɗu, ko hanyar tana biyuwa duk shekara. Damina a nan takan kama daga Mayu zuwa farkon Oktoba, hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sai zafin Maris da Afrilu. Wata hanyar da ke da daɗi a Disamba, a Agusta taɓo ce zalla.

Na biyar tsaro, kuma ba zan yi masa kwana-kwana ba. Shekarun nan gefen gari ya ga abin da ya gani. Na ƙarshe kuma shi ne abin da ido zai ci, wanda shi ne ya fito da mu tun farko.

Nisan da zan ambata kimantawa ce, domin kowa da inda yake farawa. Wanda ke Tudun Wada da wanda ke Hayin Dogo ba lissafinsu ɗaya ba.

Zagayen Kubanni, cikin jami'a

An kafa jami'ar a 1962, aka datse kogin Kubanni a 1973 domin samar mata ruwan sha. Kogin yana tasowa ne daga wajen Shika, ya ratsa Samaru, ya bi ta tsakanin Sabon Gari da Tudun Wada, ya je ya faɗa Galma. Wato ruwan da ka gani kwance shiru a bayan jami'a shi ne wanda kake tsallakawa a gada in za ka shiga Tudun Wada, sai dai kafin ya kai can ya kwashi kayan gari.

Ka shiga ta babbar ƙofa, ka bi titunan tsangayoyi da unguwannin ma'aikata, ka gangara wajen dam, ka hauro ka fita ta ƙofar arewa ko ka koma inda ka fito. Gwargwadon yadda ka lanƙwasa, za ka samu kilomita 8 zuwa 12. Gajere ne, amma ba wanda ya hana ka zagaya sau biyu.

Kwaltar cikin jami'a ita ce mafi sauƙi ga siririyar taya a duk huɗun. Babu tirela, masu mota ba sa gudu, kuma bishiyoyi sun yi wa titi rumfa, abin da za ka gode wa Allah a kansa a watan Afrilu. Gab da ruwa ne kwalta ke ƙarewa a koma turɓaya, nan mai keken tsere gara ya sauka ya tura. Da sassafe a hunturu hazo kan kwanta a kan ruwan har ba ka ganin ɗaya gaɓar, sai balbelu suna tashi ɗaya bayan ɗaya. Ban san wani wuri a Zariya da ya kai nan shiru ba da ƙarfe 7 na safe ranar Lahadi.

Kuɗi kusan babu. Wata biyu kana zagaya nan ba ka nemi mai faci ba, in kuma ka nema, Samaru cike take da su. Hanyar tana biyuwa rani da damina. Abin lura guda biyu ne. Wuri ne mai ƙofa da masu gadi, saboda haka ka riƙe katin shaida, ka amsa tambaya da ladabi, kuma dam ɗin ruwan sha ne na jama'a, ba wurin wanka ko wanke keke ba. Sannan ranakun karatu daga ƙarfe 8 ɗalibai sun cika titi, ƙararrawarka ba za ta huta ba.

Aibinsa ɗaya: ana ƙoshi da shi. Bayan wata guda ka haddace kowace kwana da kowane tudun rage gudu, ƙafarka kuma ta fara neman abin da ya fi haka.

Zagayen Basawa da Bomo

Wannan shi ne mataki na gaba ga mutumin Samaru. Ka fita ta Hayin Dogo ka nufi Basawa, ka biyo titin Basawa ka sauko wajen Palladan, ka kama titin Sakkwato ka koma Samaru. Kimanin kilomita 20 zuwa 25, kuma yawancinsa shimfiɗe yake, sai ɗan hawa da gangara da ba su taka kara sun karya ba. Zariya tana bisa tudu mai tsayin sama da mita 600 daga teku, shi ya sa iskar safiya a nan ta fi ta garuruwa da yawa sanyi.

Rabin farko karkara ce: gonakin masara da dawa, rake a fadama, mata da 'yan mata ɗauke da ƙwaryar nono suna nufo gari. Rabin na biyu kuma hukumomi ne jere, barikin soja, cibiyar binciken sinadarai, cibiyar koyon fasahar sufuri, sai kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Palladan da aka kafa a 1964. In ka yi sa'a ƙaramin jirgin ɗalibai zai wuce ta samanka ƙasa-ƙasa, kana jin ƙararsa a ƙirji. Kusa da bariki kada ka tsaya ɗaukar hoto, wannan ba sai an faɗa wa mai hankali ba.

Tafkin Bomo ba a bakin kwalta yake ba, sai ka ratse ta hanyar ƙasa. Da rani keken da ke da taya mai kauri zai kai ka lafiya, ka tarar da masu lambu suna ban ruwa da shanu suna sha. Da damina ka bar shi kawai. Jar lakar nan takan cushe tsakanin taya da birki har keken ya ƙi juyawa, ka koma kai ne ke ɗauke da shi.

Inda zagayen nan ke da haɗari shi ne titin Sakkwato. Hanya ce ta Funtuwa da Gusau da Sakkwato, manyan motoci ba sa yankewa a kanta, ga motocin haya masu tsayawa duk inda fasinja ya ɗaga hannu. Dabarar ita ce ka juya zagayen, ka fara da titin Sakkwato tun gari bai gama wayewa ba, ka ƙare da karkara lokacin da rana ta ɗaga. Kada ka yarda ka kai Kwangila in ba dole, mahaɗar nan ba ta mai keke ba ce. Masu faci suna nan a Basawa da Palladan, kuɗin da za ka kashe matsakaici ne, kuma kasancewar jami'an tsaro a yankin yana sa hankali ya ɗan kwanta.

Zagayen Birni, Wusasa da Kufena

Nan babu tafki, na sa shi ne don duk wanda ya tambaye ni hanya mai kyan gani sai ya ambaci Kufena. Ka tashi daga Ƙofar Doka, ka bi ta wajen Gaskiya, inda kamfanin da ya riƙa buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo yake, da Kwalejin Barewa wadda ta dawo Zariya a 1949 bayan an kafa ta a Katsina a 1921. Daga nan ka nufi Ɗan Magaji, ka tsallaka babban titin Kaduna zuwa Kano, ka shiga Wusasa. Dawowa ka shigo Birni ta Ƙofar Kuyambana, ka bi ta Fada, ka fita inda ka fara. Kilomita 15 zuwa 20 ne.

Ta fuskar tarihi ba mai kama ƙafarsa. A Wusasa akwai cocin Bartholomew da aka gina da ƙasa a 1929 bisa salon ginin Hausa, a garin ne kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi. Dutsen yana tsaye a bayan garin, kuma kewayensa na cikin wuraren da Zazzagawa suka zauna kafin Birnin yanzu. A cikin Birni ga inda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a a shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarimu, ga ragowar ganuwa, ga rimaye da suka girmi kakan kowa. Bayan ruwan farko, in ciyawa ta fito a gindin dutsen, sai ka rantse ba Zariyar da ka sani ba ce.

Amma a matsayin hanyar keke, wahala ce. Ba za ka samu minti 5 kana taka feda ba ka ja birki ba. Cikin Birni tituna ƙanana ne, ga yara 'yan makaranta, ga awaki, ga masu kura, ga ɗan acaba da zai fito daga lungu kamar an harbo shi. Robar birki a nan take ƙarewa, kuma ramuka suna kwance sifok ɗin taya. Tsallaka babban titi a Ɗan Magaji kuwa, shawarata ka sauka ka tura, ba abin kunya ba ne. Ranar Juma'a daga hantsi kada ka shiga wajen Fada da keke, haka ranakun hawan Salla.

Batun tsaro a nan ya fi nauyi. Yamma da Kufena daji ne da ke miƙewa har ƙasar Giwa da Birnin Gwari. Ka tsaya inda gidaje da jama'a suke, ka tambayi mutanen Wusasa kafin ka matsa gindin dutse, kada ka je kai kaɗai, kuma kada la'asar sakaliya ta same ka a can.

Zagayen Galma

Shi na fi so, shi ne kuma ya fi ba ni wuya. Ka tashi daga unguwar Kongo ka bi tsohuwar hanyar Jos zuwa Dakace, inda gada ta tsallaka Galma, ka dawo ta sabuwar hanyar Jos. Wannan kaɗai bai wuce kilomita 20 ba. Mai ƙarfi yakan ƙara gaba ta hanyar Maigana da Soba kafin ya juyo, ya haɗa 35 ko 40. Ita madatsar, wadda aka gina a 1975 don ruwan shan gari, tana sama da gadar, ana kuma isa gare ta ta ɓangaren Sabon Gari. Mutane na ce mata dam ɗin Shika, sunan da ke rikita baƙo ya nufi Shika ta asibitin koyarwa, alhali wannan gabas take waccan yamma.

Galma ba ta ƙafewa, shi ya sa fadamarta ke da rai duk shekara. A Janairu, lokacin da ko'ina ya bushe ya yi fari, nan kore ne shar: tumatir, albasa, attaruhu, karas, kabeji, rake, da injinan ban ruwa suna ta ƙugi. Daga kan gada kana hango masunta a kwalekwale da masu ɗibar yashi. Ƙamshin ganyen albasa da aka yi wa ban ruwa da safe yakan biyo ka har kan kwalta.

Matsalar ita ce kyan wurin yana jan mutum ya sauka daga titi. Wata Asabar a hunturun bara na hango wata 'yar turba tsakanin lambuna biyu da ta nufi bakin ruwa, na ce bari in bi. Ban yi taku ɗari ba na ji tayar baya ta yi laushi, kafin in sauka ta gaba ma ta bi sahu. Tsidau ne, ya baje a turbar kamar an shuka shi. Tiyub ɗaya na riƙo. Haka na turo keke har bakin titi, inda wani dattijo mai faci ke zaune a gindin mangwaro da bahon ruwansa. Ya cire tiyub, ya hura, ya tsoma, kumfa ta taso wuri uku.

Ya ɗaga tayar yana murza ta da yatsa ya ce, "Yaro, wannan ai ba taya ba ce, tsinken sakace ne. Da ita ka shiga fadama?"

Na ce, "Wallahi Baba, kyan wurin ne ya ja ni."

Ya ce, "To mu da muke nan, sai mun duba ƙasa muke taka ta." Ya bi cikin tayar da babban yatsa a hankali yana zaro ƙayoyin ɗaya-ɗaya yana jerawa a kan gwiwarsa, sai da ya tara bakwai. Abin da na koya a wurinsa shi ne duba cikin taya kafin a mayar da tiyub, in ba haka ba ƙayar da ta maƙale za ta sake huda sabon facin kafin ka kai Kongo.

Saboda haka kuɗin wannan zagaye ya fi na sauran. Ka riƙo tiyub biyu, famfo, kayan faci, da ruwa aƙalla lita ɗaya da rabi, domin da ka wuce Dakace masu gyara sun yi nisa da juna. Kwaltar tana da wurare masu kyau da wurare masu ramuka, kuma gefenta a zaizaye yake, in babbar mota ta matso ka, saukar ba daɗi. Motocin Jos da na ɗaukar yashi da kayan gwari su ne abokan tafiyarka. Da hunturu iskar gabas tana bugun ƙirjinka a tafiya ta tura ka a dawowa, wanda ya fi akasin haka sauƙi, sai dai hazo yana rage wa direba gani, don haka riga mai haske da fitilar baya wajibi ne ko da rana. Da damina kwalta tana biyuwa, amma hanyoyin bakin kogi da na wajen dam a manta da su daga Yuli zuwa Satumba. Wajen madatsar kuma akwai ma'aikatar ruwa, a nemi izini kafin a kusanci abin da aka killace. Ta tsaro, ku fita ku uku ko fiye, ku juyo kafin azahar.

Ga su a jere

| Zagaye | Nisa | Hanya | Kashe kuɗi | Damina | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Kubanni | km 8–12 | kwalta mai kyau | kaɗan ƙwarai | yana biyuwa | cunkoson ɗalibai |
| Basawa da Bomo | km 20–25 | kwalta, burji in za a tafki | matsakaici | ban da ratsen Bomo | titin Sakkwato |
| Birni da Kufena | km 15–20 | kwalta mai ramuka, lunguna | birki da sifok | yana biyuwa | tsallaka babban titi, bayan dutse |
| Galma | km 20–40 | kwalta gauraye | mafi yawa | kwalta kawai | manyan motoci, ƙaya, nisa da taimako |

Wa ya dace da wanne

Wanda ya daɗe bai hau keke ba, ko likita ya ce ya riƙa motsa jiki saboda hawan jini ko sukari, ko uba mai son fita da yaransa, Kubanni ne nasa, babu ja. Haka mata masu son hawa ba tare da idon 'yan bakin titi ba. In gidanka na Birni ko Tudun Wada, kada ka ce za ka taka har Samaru ta Kwangila a makon farko, ka sa keken a mota ka kai shi.

Mai keken tsere da ke son ya ga gudunsa na ƙaruwa, ya yi Kubanni sau biyu a ranakun aiki da asuba, ranar Asabar ya yi Basawa ba tare da ratsen Bomo ba. Shi ne haɗin da ya fi raga wa siririyar taya.

Mai baƙo daga Kano ko Kaduna da yake son nuna masa gari, Birni da Kufena, ranar Lahadi da safe, a kan keke mai kaurin taya, da niyyar tsayawa sau goma. Wanda ke ƙirga gudu a waya zai dawo da haushi.

Galma kuwa ta wanda ya riga ya saba ce, mai iya cire taya ya yi faci da kansa, mai abokan tafiya, kuma tsakanin Nuwamba da Fabrairu lokacin da fadama ke kan ganiyarta. In keken naka baƙi ne mai wurin ɗora kaya a baya, ka ma fi mu riba, domin za ka dawo da ɗaurin rake da kwandon tumatir a farashin bakin lambu. Masu siririyar taya su tsaya a kan gada su yi kallo daga nan.